Tuta a Hannun Hagu

A shekarar da na fara koyar da wasan tuta, ina iya yin kwanaki ban ji muryata ba sai in ina sallah. Ina karatun digiri na uku a Manchester, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Cheetham Hill, a saman shagon masu sayar da akwatuna da jakunkuna a sari. Da safe in ji ana sauke kaya daga mota, da yamma in ji ana jan ƙofar ƙarfe ana rufewa. Tsakanin waɗannan biyun ina laburare, daga ni sai kwamfuta. Malamin da ke duba aikina mutumin kirki ne, amma sai a yi makonni ban sa shi a ido ba, in mun haɗu kuma maganar ba ta wuce babi na kaza da babi na kaza.

Wasan tuta, ga wanda bai taɓa gani ba, shi ne abin da Turawa ke kira colour guard. Ana jeruwa a zauren wasanni, kowa da doguwar sandar ƙarfe mara nauyi da aka ɗaura wa ƙyalle mai sulɓi. A saki kiɗa, a riƙa juya sandar, ana kaɗa ƙyallen, ana wurgawa sama ana cafewa, duk a tare. In an yi daidai, sauti ɗaya ne tak zai cika zauren, fuuu. In an kuskure kuwa, ƙarar ƙarfe a kan katako ce za ta sanar da kowa.

Ni dai tuta ba baƙuwata ba ce. A makarantar kwana ta 'yan mata da na yi a Zariya, ni ke riƙe tutar gidanmu ranar maci. Sai dai can ba juyawa ba wurgawa: ki riƙe, ki miƙe, ki sha kunu, ki wuce ta gaban manyan baƙi. A sanyin farko da na yi a Manchester, wata rana ina neman inda zan fake wa ruwa, na ji kiɗa daga wani zaure. Na leƙa, na ga mata, wasu ma sun haife ni, suna ta wurga tutoci suna dariya. Wata ta miƙo mini sanda, ko sunana ba ta tambaya ba. Haka na shige cikinsu, na yi fiye da shekara ina koyo har hannuna ya faɗa. Daga baya shugabarmu ta koma wani gari wajen jikokinta, ƙungiyar ta watse. Kafin ta tafi ta ce mini wata ƙawarta a Birmingham tana neman mai koyar da ƙananan yara ranar Asabar, a wata makaranta kusa da Sparkhill. Ba ta gama magana ba na ce ina so.

Wata 'yar Katsina da muke haɗuwa a masallacin jami'a ta ji labari, ta dube ni sama da ƙasa.

"Yanzu ke scholarship aka ba ki ki zo uni, sai ki ɓige da kaɗa tsumma har Birmingham? Every Saturday?"

Na ce mata tsumman ya fi wasu mutane iya hira. Ba ta sake yi mini maganar tuta ba. Gaskiya ma ba ta sake yi mini wata magana ba gaba ɗaya.

Sai Asabar ta zama ranar da nake rayuwa dominta. In yi sammako in hau taragon cikin gari, in shiga doguwar bas zuwa Birmingham, in sauka in kama wata da ke bin Stratford Road, ta wuce shagunan kayan amare masu ƙyalli da na mahauta da gidajen abincin da tun hantsi suke soya albasa. A duk mako, wannan ce kaɗai ranar da in ban zo ba wani zai ɗaga kai ya ce ina wance.

Matar da ke riƙe da ƙungiyar makarantar dattijuwa ce mai furfura, tana ɗan ɗingishi, kowa Koci yake ce mata har iyayen yara. Ita ke da manyan 'yan mata a babban zaure. Ni kuma aka ba ni ƙanana, ba su kai ashirin ba, a ɗakin cin abinci da ake naɗe teburansa a jingine a bango. Warin dafaffen dankali ba ya barin ɗakin nan ko ranar hutu. Koci ta gaya mini ƙarara cewa gwaji ne, in ta ga na iya, yaran nawa ne har gasar da za a yi in sanyi ya wuce.

Ranar farko na tsaya ina fuskantarsu, na ɗaga sanda da hannun dama, na ce su yi yadda na yi. Duk suka ɗaga da hagu. Yaro ba ya lissafi, abin da idonsa ya gani yake bi. Ɓangaren da sandata take, nan suke kai tasu, kamar mai kallon madubi. Wasan ƙanana kuwa hannun dama ke jansa. Wato in ina son su yi da dama alhali ina kallonsu, dole ni in yi komai da hagu. Koci ta leƙo ta ga abin da ke faruwa, ta yi dariya.

"You mirror them, love. Left hand," in ji ta. Ta ce kowane mai koyarwa haka yake yi, ba wani abu ba ne, ta koma wajen manyanta.

A wurinta ba wani abu ba ne. Ni kuwa a gidan da na tashi, hannun hagu yana da aikinsa, kowa ya san aikin, kuma ba a faɗarsa a gaban mutane. Ba a cin abinci da shi, ba a karɓa, ba a miƙawa, ba a nuna mutum. Ba wanda ya taɓa dukana a kan haka. Mahaifiyata kallo ɗaya take yi wa hannun, sai ya koma inda ya fito. Har na girma hannun nan bai san komai ba sai riƙe gefen kwano da ɗaukar takalmi. Ko a ƙungiyar manya, duk inda aka zo juyin hagu sai in lallaɓa in wuce a sahun baya, ba wanda ya matsa mini.

Na gwada a gaban yaran. Sandar ta yi juyi ɗaya ta buge ni a ƙwauri. Na sake, ta kuɓuce ta yi hanyar taga. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, da zarar hagu ya fara, sai daman ya yi wuf ya ƙwace sandar, ba da izinina ba, kamar babbar yaya ta ga ƙanwarta za ta fasa tulu. Yara suka fara ƙus-ƙus. Zufa ta keto mini cikin hijabi duk da sanyin nan.

Sai dabara ta zo mini. Na juya musu baya. Yanzu damana ya zama damansu, haguna ya zama hagunsu. Na ɗaga sanda, suka ɗaga daidai. Na juya, suka juya. Kafin a tashi ranar sun iya juyin farko, ni kuwa ina ta yaba wa kaina wayo.

Haka na ci gaba, mako bayan mako, ina koyar da su ina kallon bango. A bangon akwai manyan tagogi, kuma da yake garin kullum a lulluɓe yake da hadari, fitilun ɗakin kan mayar da gilashin madubi mai duhu-duhu. A ciki nake hango inuwoyinsu da kalar ƙyallaye. Sauran kuma kunne ke yi mini. Na san wadda kullum take makara da ɗan kaɗan, na san wadda ke jan ƙafa, na san wadda ke bin kiɗan da hanci. Muryar kowacce na sani. In Koci ta leƙo ta ce in juyo, sai in juyo in yi ta bayani da baki har ta tafi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, tunda yara suna koyo.

Iyaye kan ajiye yaransu su wuce kasuwa. Mace ɗaya ce take zama a kan benci kusa da ƙofa, doguwa, baƙa, da mayafi da filas ɗin shayi, rabin lokaci tana gyangyaɗi. Wata Asabar ina cikin ƙirga musu sai na ji daga bayana an ce, "Ke, riƙe sandar nan mana kamar kin ci abinci!"

Lissafin ya ɓace mini. Na yi wata da watanni ban ji Hausa a sarari ba, sai ta waya. Da aka tashi na nufe ta, ina gyara hijabi kamar zan gaida surukai.

"Sannu, Yaya. Hausa na ji kina yi?"

Ta zaro ido. "La'ilaha illallahu! Malama, ashe ke tamu ce? Ni duk a zatona 'yar Somaliya ce. Daga ina?"

"Zariya."

"Mu Kumasi, Zango. Amma nan baya muke, a council flat, gidajen hayar gwamnati. Care home nake aiki, wajen kula da tsofaffi, daga night shift nake biyowa in kawo ta, shi ya sa kike ganina ina barci kamar kaza. Maigidan naki yana nan Birmingham?"

Na ce babu maigida.

"Yara?"

Na ce babu.

"To wa kike da shi a Manchester ɗin?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Asabar ta gaba ta zo mini da roba cike da shinkafa da wake irin tasu ta Gana, da yaji baƙi mai kifi wanda ya sa ni hawaye a cikin bas. Tun daga nan, in an tashi sai mu tsaya a bakin ƙofa mu ɗan taɓa hira, 'yarta tana jan gefen mayafinta tana cewa da Turancin Birmingham su tafi. Hirar ba ta da tsawo, kuma ba ta da wani kai: tsadar doya, ciwon gwiwa, likitan unguwa da ba ya ɗaga waya. Amma ita nake tattalawa in yi ta juyawa a raina har mako ya zagayo.

Ranar da abin ya faru, rana ce ta fito tar, irin fitowar da take yi a ƙasar nan sau ɗaya ba sau biyu ba. Gilashin taga ya daina nuna komai sai filin makaranta da shingensa. A ranar kuma na fara koya musu wurgawa sama. Na nuna, na ce mu yi tare, na shiga ƙirgawa da ƙarfi. Na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, ban tsaya ba, don ƙa'idar wasan ke nan, in tuta ta faɗi mai ita ta ɗauka a ci gaba. Ina ta ƙirgawa, har ina jin daɗin yadda ƙyallena ke buɗewa a sama. Ihun da ya tsayar da ni ba na yaro ba ne.

Na juyo na ga matar nan a durƙushe a tsakiyar sahu, ta danna gefen mayafinta a goshin 'yarta. Sandar ta kusa da ita ce ta sauko mata a saman gira. Yarinyar ba ta yi kuka ba, tsayawa ta yi riƙe da tutarta, jini yana bin gefen fuskarta, tana jira in gama ƙirgawa. Sauran yaran duk sun daina tun ɗazu. Ni kaɗai ce nake wasa a ɗakin.

Uwar ta ɗago ta dube ni.

"Malama, jini fa! Kina ta one, two, three, yarinya tana zubar da jini a bayanki! Amana muka ba ki, ko kallonsu ba kya yi?"

Da da Turanci ta faɗa, da wataƙila na iya ɗauka. Da Hausa ta faɗa, harshen da na yi ta marmari, kuma kowace kalma ta sami wurin zama.

Raunin bai yi zurfi ba, an kai ta asibiti aka ɗinke, Alhamdulillahi. Bayan kowa ya watse Koci ta kira ni ɗakin da suke dafa shayi. Ba ta ɗaga murya ba, na so ma a ce ta ɗaga. Ta ce ita ma da laifinta da ta bar ni ni kaɗai. Ta ce yara masu juya ƙarfe ba a ba su baya, ko na ɗan lokaci. Ta ba ni zuwa hutun tsakiyar zango. Kafin nan ba wurgawa, kuma wata daga cikin manyan 'yan matanta za ta riƙa tsayawa tana sa ido a kan yaran in na juya musu baya. Asabar ɗin ƙarshe kafin hutu za ta zo da kanta ta zauna, in jagoranci wasan daga farko har ƙarshe ina fuskantar yara. In na iya, shi ke nan. In ban iya ba, za ta nemo wata.

Na koma Manchester na sa hannun hagu a gaba. Ɗakina rufinsa a kusa yake, karon farko da na gwada na kusa sauke ƙwan fitila. Sai na koma filin ajiye motoci da ke bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya, inda ranar Lahadi da safe ba kowa sai tantabaru da kwalaye jiƙaƙƙu. In cusa hannun dama cikin aljihun kwat, in damƙe ɗinkin ciki da yatsu don kada ya fito, in yi ta juyawa da hagu. Sandar ta buge ni a goshi, a kunne, a gwiwa, har na daina duba inda ya kumbura. Iskar Manchester kuma ba ta da mutunci, sai ta bari na kusa cafewa ta ɗauke ƙyallen ta kai shi cikin kwata.

Na ce bari in saba masa da sauran ayyuka. Na fara buɗe ƙofa da shi, ina goge haƙori da shi, ina juya miya da shi. Cin abinci ne na kasa, loma ta ƙi tafiya. Wata rana na miƙa wa direban doguwar bas tikitina da hagu, sai kawai na ji bakina yana ba shi haƙuri. Mutumin ya duba tikitin, ya juya bayansa, ya dube ni, ya tambaya haƙurin me. Na wuce na zauna.

A waɗannan makonnin matar nan ta daina zama a benci. Takan kawo 'yarta har ƙofa, ta tsaya ta yi magana da babbar yarinyar da aka sa ta sa ido, ta tafi. In mun haɗa ido ta ce, "Sannu, Malama," in ce, "Yawwa, Yaya, ya jikin nata?" ta ce, "Da sauƙi." Iyakarta ke nan. Ba ta cire 'yarta daga wasan ba, kuma na gode mata a raina. Amma na koma shiga bas ba roba, ba hira, in jingina kai da gilashi har Manchester. Na yi kewarta fiye da yadda ya kamata a yi kewar wadda ko sunan unguwarsu a Kumasi ba a gama sani ba.

Hagun dai ya fara jin magana. Juyi ya zauna, kaɗawa ta zauna. Wurgawa ce ta rage, ita ma a filin motoci ina cafewa fiye da yadda nake yarwa. Na shiga bas ranar gwaji ina ganin zan iya.

Koci ta jawo kujera ta zauna a gefe. Uwar yarinyar ma ranar ta shigo ta zauna a bencinta. Na tsaya a gaban yaran, bayana ga taga, na riƙe sanda da hagu, aka saki kiɗa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne fuskokinsu. Na san su a tsaye, na san su in suna gaisuwa ko suna neman jakunkunansu, amma ban taɓa ganinsu suna wasa ba. Ashe mai jan ƙafar nan harshe take fitarwa in ta mai da hankali. Ashe mai makarar ba lalaci ba ne, ta kusa da ita take kallo kafin ta motsa. Wata ba ta da haƙoran gaba, tana ta murmushi da wawulonta. Ga mai tabo a gira a sahun gaba, ta kafe ni da ido. Duk ni suke kallo, ido cikin ido. Na manta rabon da mutane da yawa haka su kalli fuskata a lokaci ɗaya.

Duk da haka muka wuce juyi lafiya, muka wuce kaɗawa. Aka zo wurgawa. Hagu ya saki sandar, ta tashi daidai, ta juyo. Tana saukowa daman ya yi wuf ya cafe. Yau ba aljihun da zan ɓoye shi. Yaran kuwa, masu biyayya, duk suka kai hagu, hannun da ba su saba ba. Tutoci suka zube ko'ina. Ba wadda ta ji ciwo, amma ƙarar ta isa. Koci ta ce a sake. Muka sake, daman ya sake ƙwacewa. A karo na uku na danne shi a cinyata da ƙarfin tsiya, hagun ya kai wa sandar cafka, ta goge yatsuna ta faɗi a gaban ƙafata. Na sunkuya na ɗauka. Kiɗan ya ci gaba shi kaɗai har ya ƙare.

A ɗakin shayi Koci ta ce ta ga irin wahalar da na sha, kuma nan da shekara zan iya. Amma gasa ta matso, yara ba za su jira shekara ba. Akwai wata tsohuwar ɗalibarta da za ta karɓa bayan hutu. Raina ya ɓaci, na ce mata ni na haɗa musu wasan nan tun daga tushe, kuma ba wadda za ta zo ta so yaran nan kamar ni. Ta ce ta sani. Ta ce ita mai ganinsu take bukata.

Na fito na tarar da uwar yarinyar a bakin ƙofa, ta tura 'yarta gaba.

"An ce a'a ko?"

Na gyaɗa kai.

"Hagun nan ne. Na gani. Baturiya ba za ta gane ba, mu haka aka rene mu. Wallahi ni kaina ɗazu da na ga kin miƙa wa 'yata tuta da hagu, sai da gabana ya faɗi, kafin na tuna aiki ne." Ta yi 'yar dariya, ni ma na yi, idona yana zafi. "Ki yi haƙuri da maganar da na gaya miki ran nan, ƙanwata. Jini na gani."

Na ce gaskiya ta faɗa. Ta ce in ina Birmingham in neme ta. Na ce to. Mu duka mun san ba abin da zai sake kawo ni Birmingham.

Asabar ta koma kamar sauran ranaku, har ta fi su muni, don jikina bai daina tashina da sammako ba. In farka, in tuna ba inda za ni, in kwanta ina jin ana sauke akwatuna a ƙasa. Don taurin kai ban daina zuwa filin motoci ba. Wata Lahadi hagun ya wurga ya cafe, ya sake, ya sake, daman yana rataye a gefe ko motsi bai yi ba. Na waiga ko akwai wanda ya gani. Wani mai gadi ne can nesa yana danna waya.

Da sanyi ya fara sauƙi aka yi gasar, kuma a Manchester aka yi ta, a wani babban zauren wasanni da bas ɗaya ke kai ni. Na yi ta gaya wa kaina ba zan je ba har na sami kaina a layin shiga. Na zauna can sama cikin iyayen da ban sani ba. Na duba ko zan hango doguwar mace da filas, ban gan ta ba, ina jin aiki ne ya riƙe ta.

Da aka kira makarantarsu suka fito da riguna masu ruwan goro, an shafa musu ƙyalli a kumatu. Wasana ne, ba a canza komai ba. Karon farko ke nan da na gan shi daga wurin 'yan kallo, yadda aka yi shi don a gani, kuma yana da kyau, ban san yana da kyau haka ba. Da aka zo wurgawa na riƙe numfashi. Tutoci suka tashi tare, suka sauko tare, fuuu, ba ko ɗaya a ƙasa. Na miƙe ina tafi ina cewa, "Yawwa! Haka nake so!" da Hausa, har matar da ke kusa da ni ta ɗan matsa.

Na sauko na tsaya a dogon barandar da 'yan wasa ke bi in sun fito. Wurin cike yake da yara da iyaye da jakunkunan tutoci. Sai ga su a jere, suna tsalle suna surutu, sabuwar malamarsu a gaba tana tafiya da baya tana ƙirga kawunansu. Na gyara tsayuwa, na yi murmushi, na ɗan ɗaga hannu. Suka zo daf da ni. Idon wata ya bi ta kaina ya wuce, na wata ma haka. Ba laifinsu ba ne, a wurinsu ni wata mata ce mai hijabi cikin mata masu hijabi, a garin da ba su sa ran ganina ba. Na sauke hannuna, na juya na nufi ƙofar fita.

"Miss!"

Na san muryar tun kafin ta rufe baki. Mai tabo a gira ce.

"That's Miss! That's her back!"

Bayana ta gane. Sai sauran suka ɗauka, Miss, Miss, barandar ta cika da muryoyin da na sani ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya cak. Ban iya juyowa ba, don fuskata ta riga ta jiƙe sharkaf, kuma ba na son su same ta a haka. Na ɗaga hannu sama don su san na ji. Sai suka yi tsit gaba ɗaya, kamar yadda suke yi in za mu fara, suna jira in ƙirga.

Na ji malamarsu tana cewa su yi sauri, mota tana jira. Na kama gefen hijabi na goge ido, na goge hanci. Da na juyo, bayansu kawai na gani, tutoci a kafaɗa, suna fita ta ƙofar da motar Birmingham ke tsaye.